Gardamar Mota da Buhunan Hatsi

"Taka ta Jamus gudu gare ta, amma tawa ta Faransa ta fi daɗin tuƙi, ga ƙarancin shan esansi!" Haka na ce wa abokina Isufu a garejin Malam Habu a Tasawa, shekarar fari, zamanin soja.

Muka ce Malam Habu ya raba mu.

Ya ce, "Kowa ya ɗauki hatsi buhu uku, ya kai gidanmu a Urafan. Wadda ta riga isa ita ce mota."

Isufu ya riga ni, don sau biyu ina kafewa cikin rairayi. Muna sauke buhunan, matan gidan suka fito da ƙorai. Ashe kwana biyu ba su ɗora tukunya ba.

Har yau ina tunani: alƙalanci ya yi mana, ko aikenmu ya yi? Ku me kuka gani?