Motar Kawu da Buhu Shida na Albasa

Kawuna ya sayi motar ne a hannun wani Bature mai aikin hanya da ya gama kwangilarsa zai koma gida. Lokacin mulkin farar hula ne, kuma duk wanda ya iya sa babbar riga ya zauna a bencin gaba yana samun rabonsa. Kawu falken albasa ne, amma shi ma abin ya ɗan taɓa shi. Ranar da ya shigo Bodinga da ita, sai da mahauta suka bar nama suka fito kallo. Ja ce, ƙirar Amurka, da baƙin zane biyu daga hanci har wutsiya, fulogi takwas. Ta kai shekara goma sha biyar a duniya, amma in ta yi gurnani sai awaki su tsinke igiya. Tsawonta ya kusa na motar kasuwa, ƙofa kuwa biyu tak.

Tun daga ranar na zama bakanikenta, ba don an tambaye ni ba. Shekarata ashirin da takwas, na gama koyon aiki a Sakkwato, ina da rumfata a gindin dogon yaro bakin titi. Ina kuma da ciwon da ke kama duk sabon bakanike: ban yarda akwai abin da Bature ya ƙera wanda ba zan iya gyara masa kuskurensa ba.

Inna ce kaɗai motar ba ta burge ba. Ita ta haifi Kawu, ita ta haifi uwata, saboda haka ni mijinta ne na wasa, kuma ba ta taɓa raga mini ba. Ta zagaya motar da sandarta, ta leƙa ciki, ta ce, "Mai gida, wagga uwar mota duk tsawonta ƙohwa biyu? Wanda ya yi ta marowaci na."

Sai da muka lallaɓa ta ta shiga, muka zaga da ita gari. A nan motar ta shiga ranta. Motar tana da taushi, ba ka jin ƙasa a ƙarƙashinka ko kaɗan, kuma ƙugun Inna, wanda ya hana ta doguwar tafiya shekara shida, bai ce uffan ba. Da muka dawo ƙofar gida ta ƙi fita. Ta ce abu ɗaya take so, a kai ta wurin autarsu. Su biyu suka rage a ɗakinsu, ita da ƙanwar nan tata da ke wani ƙauye bayan Kajiji. Idon ƙanwar ya tafi, ba ta iya zuwa, amma duk ranar kasuwa sai ta aiko da saƙo iri ɗaya: a ce wa Yaya ta zo.

Kawu ya bugi ƙirji. Ya ce, "Inna, bisa jaki anka kawo ki Bodinga, cikin wagga mota za ki koma."

Da bazara muka tafi, ni ke tuƙi. Daga Bodinga zuwa Shagari kwalta ce, motar ta shanye ta kafin Inna ta gama goron bakinta. Muka wuce Kajiji, muka sauka hanyar ƙasa, kuma a kwazazzabo na farko motar ta zauna da cikinta. Wanda ya ƙera ta bai taɓa ganin hanyar keken shanu ba, tafin hannu guda ne tsakaninta da ƙasa. Salansa ta cire, mai ya fara ɗiga. Manoma suka taru suka turo mu baya, kuma wani dattijo mai keken shanu ya ce a shimfiɗa wa tsohuwa tabarmi da zannuwa ya kai ta a hankali, kafin la'asar suna can.

Inna ta ce to. Har ta fara neman takalminta.

Kawu ya ce ina, uwarsa ba za ta shiga garinsu a keken shanu ba alhali yana da mota. Ni kuma, Allah Ya gafarta mini, na mara masa baya. Na ce, "Inna, mako biyu kacal. In ɗaga ta sama in ƙarfafa ta, har ƙofar ɗaki zan kai ki." Ta dube ni, ta dubi hanyar, ta mayar da ƙafarta cikin mota. Wannan mako biyun wata goma ya yi.

Da ma a lokacin ne ƙasa ta fara tsukewa. Rediyo na cewa a tsuke bakin aljihu, aka rufe shigo da kaya, sabulu da madara sai a layi. Na je Sakkwato neman sifirin ɗin motar Amurka, wato ƙarfen da ke ɗauke nauyin mota bisa tayoyi, masu kayan mota suka yi mini dariya har da riƙe ciki. Wani ya ce ko fulogin babur na samu in gode wa Allah. Ban damu ba, don a ganina wannan ne ma ya ba ni fili.

Na fara da baya. Na samo sifirin na wata a-kori-kura da ta mutu a Dingyaɗi, na ƙara wa kowane gefe ganye huɗu na ƙarfe, maƙeri ya buga mini dogayen kusoshi. Gaba kuma na sa mata naɗaɗɗen sifirin na wata jif ta aikin gona. Motar ta miƙe tsaye, har yaro na iya rarrafawa ƙarƙashinta. Na tayar da ita, sai na ji ƙwal-ƙwal-ƙwal. Ashe da na ɗaga ta, furofela, wato dogon ƙarfen da ke kai ƙarfin inji ga tayoyin baya, ta gaza tsawo. Sai mai walda a Sakkwato, shi kuma sai an kawo wuta, wutar kuma sai ta ga dama. Damina ta sauka muna nan.

Da furofela ta daidaita, na tsaya daga nesa na duba, sai na ga tayoyinta sun yi mata ƙanana, kamar ƙato sanye da takalmin yara. Na nemo manyan tayoyi, ba su shiga aksul ɗinta ba, wato ƙarfen da tayoyi ke juyawa a kai, na sauya aksul ɗin gaba ɗaya da na a-kori-kura. Da manyan tayoyi suka hau, birkin Bature ya daina kamawa, na kusa shiga rumfar mai shayi. Sai na samo gangunan birki na ƙaramar motar ɗaukar kaya, na kai aka fafe su, na haɗa. Wannan birkin kuwa in ka taɓa shi da ɗan yatsan ƙafa, sai goshinka ya gaisa da gilashi. Na ce madalla, haka birki yake. Gudunta na da kuma ya tafi tare da tsohon aksul, tana kai mil hamsin sai ta fara kururuwa, amma na gaya wa Kawu gudu na yara ne, ƙarfi shi ne mota.

Kowace Juma'a in na je gaishe ta, Inna takan ce, "Mai gida, ya mai jiki?" Ni kuma in ce da sauƙi, saura kaɗan. Sau biyu ta ce a shimfiɗa mata katifa a bayan motar kasuwa, za ta daure. Ni da Kawu muka yi dariya, muka ce tsufa ne. Saƙon Kajiji kuwa bai daina zuwa ba, sai dai ya sauya. Da can cewa ake yi a ce wa Yaya ta zo. Bayan kaka sai ya koma ɗan ƙanwar ne ke aikowa, wai ana gaishe mu. Ni kaina na ƙarƙashin mota, ban lura ba. Inna ta lura, don daga lokacin ta daina yi mini wasa.

Sojoji sun karɓi mulki, albasa ta fara shigowa kasuwa, sannan na ce aiki ya kammala, saura gwaji. A sana'armu gwajin sifirin iri ɗaya ne, haka maigidana ya koya mini, haka aka koya masa: a ɗora wa mota kaya. In wutsiyarta ba ta sunkuya ba, aiki ya yi. A Bodinga ba a tambayar mota gudunta, buhu nawa take ɗauka ake tambaya. Muka zuba buhu uku na albasa a but, uku a kujerar baya, na bi da ita hanyar fadama. Wayyo, daɗi! Ta haye kwazazzabo, ta ratsa yashi, tana lilo a hankali. Kawu ya rungume ni a gaban jama'a. Mu bakanike huɗu ne a wurin, da direbobi sun fi goma, kuma babu ɗayanmu da ya ce a sauke buhunan a sake gwadawa. Wa zai gwada mota ba kaya? Ai ɓata mai ne.

Ranar tafiya aka wanke ta, aka fesa turare. Inna ta sa zanenta na saƙi, ta ƙulle goro da ɗan turmin atamfa na tsaraba, muka ɗaga ta muka sa a gaba, don yanzu motar ta yi mata tsawo. Kawu na baya da babbar riga mai aska takwas. Inna duk nauyinta bai kai rabin buhu ba.

Tun kafin mu fita gari na san na yi ɓarna. Sifirin da aka yi don buhu shida ba ya ko motsi don tsohuwa ɗaya. Duk tsakuwar da taya ta taka sai ta iso ƙugun Inna kai tsaye. Kwaltar ma ta fashe a shekarar nan da ba a gyara komai, kuma in na taka birki don kauce wa rami sai ta yi gaba, in tare ta da hannu. Ba ta yi kuka ba. Ta kama ƙofa da hannu biyu tana salati, gumi na bin wuyanta. Muna shiga Shagari ta ce, "Tsaya. Ku sauke ni nan, in mutu kwance."

Muka kwantar da ita a rumfar wani tela bakin kasuwa. Kawu ya ja ni gefe, idonsa ja, ya ce, "Mi kay yi wa motata?" Na ce yadda muka gwada ta ai lafiya lau take. Ina faɗa sai na ji abin da na faɗa. Shi ma ya ji. Muka juya tare muka dubi layin 'yan albasa.

Abokan fataucinsa ne, ba su ja magana ba, suka ba shi aron buhu shida. Uku a but, uku a kujerar baya, Kawu ya matse a gefensu da aska takwas ɗinsa, gwiwa a haɓa. Turaren da aka fesa ya ba da gari. Da muka mayar da Inna muka tashi, motar ta yi laushi kamar ranar gwaji. Muka wuce Kajiji, muka haye kwazazzabon nan ba tare da ko ƙura ta taɓa cikinta ba. Ba zan ɓoye ba, a wurin sai da na ji wani alfahari ya taso mini.

Har ƙofar gidan na kai ta, kamar yadda na yi alkawari. Yara suka kewaye motar, manya suka fito, abin da Kawu ya yi shekara yana mafarki, sai dai shi da ƙyar aka zaro shi daga cikin buhuna. Na riƙe Inna muka shiga. Ƙanwar tana zaune kan tabarma a inuwar rumbu, ƙarama, fes da ita, tana murza bakin zanenta. Inna ta durƙusa da ƙugun nan nata, ta kama hannunta, ta ce, "Auta, ni ta. Yayarki ta. Na zo."

Tsohuwar ta ɗaga kai ta shaƙi iska. Ta janye hannunta a hankali, cikin ladabi, ta juya wajen surukarta ta ce, "Mai albasa ta? Ku ce mata muna da ita, ta leƙo wani mako."

Inna ta sake faɗa, ta ambaci sunan uwarsu, ta ambaci rijiyar gidansu. Ba abin da ya motsa a fuskar. Surukar ta sunkuyar da kai ta ce, "Da kun zo kahin damina. Har kaka tana kiranki kullum, kwano biyu take sa a ajiye. Tun da anka cire gero ba ta gane kowa ba, ko ɗanta."

Na tsaya riƙe da mabuɗin mota, ban san inda zan sa idona ba. Wata goma na lissafa a tsaye a wurin, ganye huɗu, furofela, aksul, gangunan birki, da dattijon nan mai keken shanu da ya ce kafin la'asar. Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba, kuma har yau in na ji warin albasa a cikin mota sai ta dawo.

Da la'asar Kawu ya ce a tashi. Inna ta ce ba inda za ta, a aiko mata da kayanta. Ta riga ta zauna kusa da ƙanwarta, ta ɓare goro tana ba ta a baki, ita kuma tana karɓa tana godiya kamar yadda ake gode wa baƙuwa. Na durƙusa in yi sallama, na ce, "Inna, ki yafe mini."

Ta dafa kaina. Na yi zaton faɗa za ta yi, kuma wallahi da na fi so. Ta ce, "Tashi, mai gida, ka kai wa mutane kayansu. Gyaranka ya yi kyau. Ko albasa ɗaya ba ta hwashe ba."