Kwallin da Ba na Ido Ba

Daga Bracodi, unguwarmu

Ku da ke gida, ku saurara. Na fito bayan asuba, a shekarun da shingen sojoji ya cika Abidjan. A cikin lalitata akwai 'yar kwalba ta Mudi, jikana, wanda nake tsokana da maigida. Ya manta ta a ɗakina, dokar hana fita ta kwanar da shi a wurin bincikensu a Treichville, ga shi ran nan malamansa za su duba aikin. Abin da ke cikin kwalbar baƙin gari ne, ya fi kwalli laushi. Ya ce ƙwayarsa ɗaya ido ba ya gani. In an shafa shi a ƙarfe aka tsoma a ruwa, wutar lantarki kaɗan ta isa ta raba ruwan gida biyu, a sami haidirojin, iskar da ke ci kamar gas. Shekaru ya yi yana haɗa shi.

Adjamé

Na shiga woro-woro, motar haɗaka. Direban ya dubi goron da ke bakina, ya ce in aka tsare mu in yi shiru, sunanmu na 'yan arewa kaɗai laifi ne.

Bakin gada

Aka tsare mu. Wani mai kaki, sa'an Mudi, ya zazzage lalitata a kan kwalta. Ya ɗaga kwalbar, ya ce albarushi ne. Na ce kwalli ne.

"To, la vieille, tsohuwa, shafa mu gani."

Na shafa. Wuta ta kama idona, ban ƙifta ba. Ya yi dariya, ya tsiyayar da rabi a ƙasa, ya murje da takalmi. Ɗan da ba a yi wa tarbiyya ba. Allah ya isa.

Treichville

Mudi ya ga idona, ya manta da kwalbar. Ya hau wanke mini shi.

"Amarya, me ya kai ki?"

"Bar idon, maigida. Ragowar za ta isa?"

Ta isa, da ƙyar. Na tsaya bayan malaman da ido ɗaya, na ga kumfa tana tashi daga ƙarfen kamar tukunya ta kusa tafasa, alhali ruwan sanyi ƙalau.

Gida

Na iso kafin magariba, na gode wa Allah da direban da ya jira ni a shinge. Wancan mai kakin kuwa ban yafe ba. Har yau idon hagu yana zubar da ruwa. Na ce wa Mudi tunda raba ruwa ne sana'arsa, ga wannan, ya raba.