Rigar Simintin da Muka Sa wa Majami'armu

Ranar Lahadi, a mitin ɗin 'yan garinmu a unguwar Stapleton, nan Amurka, Bitrus shugaban ƙungiya ya miƙo mini wayarsa. A hoton, bangon gabas na majami'ar ƙauyenmu ne a kwance, azara a waje kamar haƙarƙari. Har na hau benen gidana a Park Hill hoton bai bar idona ba.

Kakata Laraba na cikin matan da suka ɗebo ruwan kwaɓa ƙasar ginin nan. Majami'ar tubali ce, baka biyu na gini, irin da ake kira bakan gizo, su ne ke riƙe da rufinta, kaurin bangonta har yaro ya kwanta a taga. Duk shekara bayan girbi akan yi mata yaɓe: maza su kwaɓa, mata su shafe da hannu, su bi da ruwan makuba, na ɓawon ɗorawa, don kada damina ta ci. A makon yaɓe, da an gama cin tuwo sai mu kewaye murhun Kaka, tana gasa tafin hannunta da ƙasa ta tsattsage.

"Ku matso, ga ta nan ta iso. Kai Ishaku, cire ƙafarka daga toka, ba dankali ba ce." Da ni take.

Wai mutanen wani gari ne suka gaji da yi wa ganuwarsu yaɓe. Suka je wurin aljanin kuka, suka roƙi rigar da ba ta tsufa. Ya sa wa ganuwa rigar ƙarfe. Aka yi kiɗa, aka watse, ba wanda ya ƙara taɓa ta. Ganuwa ta yi kewar hannun mutane, ta riƙa kuka a cikin riga, hawaye na narkar da ita. Ran da mahara suka zo, wani ya jingina mashinsa, riga ta kife, ba komai a ciki.

"Kaka, don me ba ta yi ihu ba?"

"Ta yi. Wa ke kusa da zai ji? Ƙurunƙus, kowa ya kwashi ƙafarsa."

Ni da na ji wannan da kunnena, ni ne na kawo siminti. Zuwana gida na farko daga Amurka, Kaka ta riga ta rasu, na tarar da tsofaffi a kan tsani da laka har gwiwar hannu. Kunya ta kama ni. Na dawo na tsaya gaban ƙungiya na ce mun fi ƙarfin wannan wahala. Aka shafe bango da siminti ciki da waje, aka yi fenti, aka tafa mini.

Bara 'yata Saratu ta kai ni wani ƙauye a Ingila, wata majami'ar dutse da ta girmi tamu da ɗaruruwan shekaru. Hasumiya mai kusurwa huɗu, ƙofa mai baka, dutsen bakin ƙofa ya lotsa saboda ƙafafu. Na tarar da magina suna ɓamɓare siminti daga bango da ƙaramar guduma. Tsohuwar da ke riƙe makulli ta ce iyayensu ne suka yi kuskuren. Tsohon bango yana shan ruwa, dole ya yi gumi ya fitar. Siminti kuwa kulle ruwan yake a ciki har bango ya ruɓe. Na taɓa ganin masallatai a Mali da Nijar da gari guda ke fitowa yaɓensu, na ɗauki hotuna, na yaba. Harshe huɗu nake ji, amma sai da Baturiya ta fassara mini maganar kakata.

Shi ya sa na kasa haɗiye abin da Bitrus ya faɗa a mitin ɗin.

"Baba, mu rushe sauran kawai. Bulo, tayil, gilashi. Ko yaranmu in sun je hutu sa sami wurin hoto."

"Hoto? Kai ɗan Talatu, ƙarƙashin bakan nan aka ɗaura auren uwarka!"

"Baba, please. Wa ya kawo simintin?"

Wata ta yi dariya daga baya. Gaskiya ya faɗa, kuma ita ta fi ƙona ni. Ƙarshenta suka yanke: in ba a ɓamɓare simintin sauran bango ukun an yi yaɓe kafin ruwan fari ba, katafila za ta shiga.

Da ina ɗauka tatsuniyar kan lalaci take. A'a. Mu nan ba malalata ba ne, wasunmu aiki biyu suke a asibiti. Laifinmu shi ne muna so mu ƙaunaci gida daga nesa, mu aika abu ya tsaya a madadinmu. Yaɓen nan shi ke sa kowa ya san inda bango ya fara tsagewa.

Na yi ta buga waya gida. Mutum ɗaya ta rage da ta san haɗin makuba, Goggo Hannatu, idonta ma ya tafi. Aka kara mata wayar a kunne.

"Ishaku na Amurka? Mai siminti?"

"Ni ne, Goggo. Me zan aiko?"

"Aike kuma? Aikenka ne ya kayar da bangon. In da gaske kake, ka taho da hannunka."