Salatin Tsibiri

Tun muna 'yan mata muke ƙawance da ita a Sabon Gari, kafin aure ya kai ta Tsibiri. Mijinta yana da garka a bakin Gulbi, ita ce ke shigo da kayan lambun cikin Maraɗi da safe. Gidanmu take fara biyawa. Innata tana son salati, wato ganyen latas, da ƙuli da ɗan mai, kuma ba ta cin na kowa sai na ƙawar tawa. Na taɓa tambayarta da wane ruwa take wankewa, ta rantse mini da na famfo ne.

A wani rani Inna ta kwanta da gudawa da zazzaɓi. Muka sayi ƙwayoyin da muka saba saye, ba su yi ba. A asibiti aka canza magani, aka koma allura, jikin sai ƙara lalacewa yake yi. Da aka yi awon bayan gidanta, likitan ya zaunar da ni ya ce ƙwayar cutar da ke cikinta ba ta jin yawancin magungunan da suke da su. Ya ce irinta tana yawa a ruwan da ƙazantar gari ke kwarara ciki, domin can take haɗuwa da ragowar magunguna har ta saba da su. Ya tambayi abin da take ci ɗanye. Na ce salati, amma na ce daga hannun amana yake.

Duk da haka zancen ya tsaya mini a rai. Wata safiya na hau kabu-kabu na nufi garkar su ƙawata ba tare da na sanar ba. Gulbi ya janye, sai wani kududdufi kore inda lambatun gari ke zuba. Warin ne ya fara tarbata. Can na hango ta a tsugune, tana tsoma salati a ciki tana kaɗawa, tana jerawa a kwando.

Da ta gan ni ba ta miƙe ba. Ta ce famfo yana da nisa, kuma kowa a nan yake wankewa. Na tambaye ta ko shi 'ya'yanta ke ci. 

"Mu namu a gida nake wankewa, ƙawata," ta ce. "Tun da ƙaramin ya yi wancan ciwon."

Na san ciwon, har dubiya na je a lokacin, na riƙe mata yaron. Ashe tun daga nan ta sani, kuma ta ci gaba da shigowa gidanmu tana durƙusawa tana gaida Inna, tana miƙa mata kwando.

Inna ta tashi, bayan an samo wani magani mai ƙarfi da ƙyar, amma ƙarfinta bai dawo ba. Yanzu sai an riƙe ta take fita tsakar gida. Ban taɓa gaya mata abin da na gani ba. Takan tambaye ni me ya hana ɗiyarta ta Tsibiri zuwa, in ce mata hidima ce ta yi yawa.