Jan Layin da Na Ƙi Ɓoyewa

Keke mai ƙafa uku nake tsoro, tun kafin komai ya faru. Gidanmu a Tumfure yake, can ciki inda gine-gine suka ƙare gonakin mutane suka fara, maigidana kuma sai ya hau keke yake zuwa gari, wurin da suke zama su yi aikin kwamfuta saboda can ba a cika ɗauke wuta ba. Duk safiyar da ya rataya jakarsa ya fita, sai in tsaya a bakin ƙofa da 'yarmu a kafaɗa, ina tuna yadda masu keken nan ke kutsawa tsakanin manyan motoci. Da na taɓa faɗa masa, dariya ya yi, ya ce ni ko ƙuda ya sauka a jikin yarinya sai na bincika daga ina ya fito. Gaskiya ne, haka nake. Ruwan wankanta sai na tsoma gwiwar hannu, kununta sai na ɗanɗana, in tana barci sai na kai yatsa kusa da hancinta na ji numfashi.

To, wata rana keken ya kauce wa akuya ya kife da su maigidana. Allah ya tsare rai. Amma wuyan hannunsa na dama ya karye, aka sa masa filasta, tafin na hagu kuma ya tsage, aka ɗinke aka naɗe. Ya dawo gida da hannaye biyu a sama kamar mai addu'a. Ni nake ba shi abinci a baki, ni nake ɓalle masa maɓallin riga.

Ga shi kuma akwai aiki a wuyansa. Wani ƙaramin asibitin yara ne ya ba shi: manhajar da za ta riƙa tura wa iyaye mata saƙo a waya, ta tuna musu ranar riga-kafi. Ya gama rubuta ta kafin haɗarin. Gwaji ne ya rage, kuma an riga an sa ranar da zai miƙa. Sun ce in ya yi wannan da kyau a kan lokaci, akwai wani aikin da ya fi shi girma yana jiransa.

Ya yi mini bayani da abin da zan gane. Akwai wasu kayan gwaji da masu wannan sana'a suka tara wuri ɗaya, laburare suke ce musu. Aikinsu su yi ta jefa wa manhaja tambayoyi, in ta amsa daidai layi ya fito kore a allo, in ta kuskure ya fito ja. Akwai wanda aka riga aka haɗa, amma ba irinsa masu aikin suka nema ba, don haka ɗanyen rubutunsa za a sauko da shi a haɗa a gida, kamar a sayo tsaba maimakon gari. Kuma sau biyu za a yi, domin kwamfutocin biyu ne: tasa baƙa mai tsarin da yake kira Linuks, da wata da asibitin ya ba shi aro, irin ta ofishinsu, mai Windos. Ya ce tuwon ɗaya ne, amma nan murhun itace, can gas, kowanne da yadda ake bi da shi.

Ana cikin haka yayansa ya zo dubiya daga Pantami. Hamma muke ce masa, ma'aikacin gwamnati ne, shi ya riƙe maigidana bayan rasuwar mahaifinsu, maganarsa ba a cika musa ta ba. Ya ce zai turo wani daga shagon kwamfuta ya zo ya danna masa. Maigidana ya ce ba zai yiwu ba, lambobin wayar matan mutane na cikin na'urar, an ba shi amana kada baƙo ya taɓa.

"To wa zai danna maka?" in ji Hamma.

Ina durƙushe ina zuba masa ruwa. Maigidana ya dube ni, Hamma ya bi idonsa da kallo.

"Ita? Ita da aji biyu na ƙaramar sakandare ta tsaya?"

"Hamma, baƙaƙen dai na sani," na ce. "Shi ya faɗa, ni in danna."

Ya yi dariya har ruwan ya kusa sarƙe shi. "Amarya, wannan ba wayar hannu ba ce. Allah ya ba da sa'a."

Da baƙar muka fara. Na goya yarinya, na ɗora kwamfutar a kan ƙaramin tebur, shi kuma ya zauna a gefena da hannayensa a kan matashi. Ya sa na buɗe wata baƙar taga wadda babu hoto ko ɗaya a ciki, sai ɗan farin abu yana ƙyaftawa yana jira. Harafi ɗaya-ɗaya yake faɗa mini. Ina nema da yatsa, in samu, in danna, in ɗago in duba ko shi ne ya fito. Gumi nake yi kamar mai daka. Muka sauko da ɗanyen rubutun, muka kwance shi, muka yi masa ɗaki na daban inda za a haɗa shi don kada ya cakuɗe da sauran. Sai na rubuta umarnin da ke sa na'urar ta duba kanta ta ga ko tana da kayan aikin da ake bukata. Ta ce wani abu ɗaya babu. Muka nemo shi, muka sake.

Da aka fara haɗawar, rubutu ya riƙa gudu sama da kansa, wata lamba a gefe tana hawa a hankali. Na'urar ta ɗau zafi tana huci kamar za ta tashi. Na ɗaga ta na sa mata murafun kwano biyu a ƙasa don iska ta shiga. Lambar ta wuce rabi sai aka ɗauke wuta, batirin na'urar kuma ya daɗe da gajiya. Na yi salati. Ya ce kada in damu, in an kawo za ta ɗora daga inda ta tsaya. Na bar wanke-wanke a jiƙe, kunnena na kan fankar ɗaki, tana motsawa na sheƙo a guje.

"Sannu da aiki, Injiniya," ya ce.

"Sannu da kallo, Yallaɓai mai hannun auduga."

Kafin a girka kayan gwajin sai su gwada kansu tukuna. Wannan ya burge ni, domin ko mai awo a kasuwa ba kowa ke yarda a duba mudunsa ba. Layuka suka riƙa fitowa, kore, kore, kore, har ƙasa. Ban san lokacin da na rangaɗa guɗa ba, yarinya ta farka a bayana da kuka.

Ta biyun ce ta wahalar da mu. Duk abin da na soma sabawa da shi a baƙar, nan ba haka yake ba. Wani wurin ake buɗewa, wasu kalmomin ake rubutawa, kayan haɗawar ma daban. Na ce masa su waɗannan mutane me ya hana su zauna su daidaita bakinsu? Ya ce in na je can in tambaye su. Muka yi ta fama, ta ƙi, mu gyara, ta matsa gaba kaɗan ta sake ƙi, har ranar miƙa aiki ta zama gobe. Bayan la'asar ta gama haɗuwa. Daidai nan Hamma ya yi sallama, ya zo ganin inda aka kwana. Na shimfiɗa masa darduma, na koma na danna umarnin gwaji.

Kore, kore, kore. Sai ja guda ɗaya a tsakiya. Sai kore har ƙasa.

Maigidana ya matso da fuskarsa ya karanta, ya yi tsaki. Hannunsa na zogi tun safe, na ga yadda yake cije leɓe. Ya ce akwai 'yar kalmar da zan ƙara a umarnin, za ta tsallake wannan gwajin, sai mu girka mu wuce.

"Tsallakewa ko gyarawa?" na ce.

"Tsallakewa."

"In an tsallake ya warke ke nan?"

"Ba zai fito ba dai."

"Malam, ka tabbata bai shafi saƙon matan nan ba?"

"Kusan na tabbata."

Na janye hannayena daga kan madannai na ɗora a cinya.

Ban san Turancin da ke cikin jan layin ba, har yau ban sani ba. Amma na san abin da mace ke yi in saƙon riga-kafi ya shigo wayarta, domin ni ma ina yi. Ta tashi da sassafe, ta yi wa yaro wanka, ta roƙi maƙwabciya ta duba mata tukunya, ta goya shi ta fita titi neman keke. In ta isa aka ce mata ba yau ba ce, wata ba za ta sake komawa ba, mijinta zai ce ai an je. Kayan da za su auna wannan saƙon su da kansu sun ce akwai abin da bai yi daidai ba a jikinsu, ni kuma in sa hannu in rufe musu baki?

"Danna mana," ya ce.

"Ba zan danna ba."

Hamma ya ajiye carbinsa. "Ke, mijinki ke ba ki umarni. Shi ya yi karatun ko ke?"

Ban taɓa mayar masa da magana ba tun da aka kawo ni gidan nan. Na ce, "Hamma, ka yi haƙuri. Abinci zan ba shi a baki, ruwan alwala zan zuba masa, duk abin da ya ce in rubuta na gyara zan rubuta ko da zai kai mu shekara. Wannan kuwa hannuna ne, ba zan danna ba."

"Ka ji ko?" ya ce da ƙaninsa. "Ka ɗora ta a kan tebur, yanzu ta fi ka sani."

Maigidana ya ture ni da kafaɗa, ya karkato da hannun hagun, ya soma buga haruffan da ƙarshen yatsa ɗaya da ya leƙo daga bandeji. Kowace bugawa sai ya runtse ido. Ban hana shi ba, ban kuma taya shi ba. Na kwance goyo na sa yarinya a nono ina kallonsa. Ya kai rabin kalmar. Da ya so da ya ƙarasa, wannan na gani da idona. Ya tsaya yana duban jan layin, ya daɗe, sannan ya koma ya jingina da bango.

"Goge," ya ce. "Ɗauko mini waya."

Ni na nemo lambar mutumin asibitin, ni na riƙe masa wayar a kunne, don haka na ji komai. Maigidana ya ce aikin ba zai samu gobe ba. Mutumin da ke can ya yi faɗa sosai, ya ce sun riga sun shirya. Hamma ya saka takalminsa ya fita bai yi mana sallama ba.

Ranar nan maigidana bai yi mini magana ba. Na kai masa lomar tuwo baki, ya karɓa yana kallon wani wuri, na sake kaiwa, ya karɓa. Haka muka cinye kwanon. Na shiga madafa na yi kukana, na wanke fuska na fito.

Washegari ya sa na yi ta jawo rubutun sama yana karantawa, har ya gano cewa ɗaya daga cikin kayan haɗawar da ke kan wannan kwamfutar tsohon yayi ne. Sabon kuma ƙato ne. Data ta ƙare mana a tsakiya, na goya yarinya na taka har bakin titi na sayo kati, na dawo na tarar babu wuta. Muka jira. Da komai ya sauka muka share ɗakin haɗawar muka faro daga tushe. A ƙarshe layukan suka fito kore daga sama har ƙasa. Ban yi guɗa ba wannan karon. Muka girka, ya gwada manhajarsa a kwamfutocin biyu, aka miƙa aiki a makare. Sun karɓa. Babban aikin da suka yi masa alkawari kuwa, wani suka ba.

Bayan an cire filastar na tambaye shi ya gaya mini tsakaninsa da Allah, da mun tsallake, da saƙon matan ya lalace? Ya ce mai yiwuwa a'a. Ya ce shi ma bai sani ba, kuma ba zai taɓa sani ba. Ya yi tsammanin zan sunkuyar da kai. Na ce masa da "mai yiwuwa" ba na tsoma 'yata a ruwan wanka, ba zan tsoma 'ya'yan wasu ba.

A Pantami labarin ya riga ya zaga: taurin kaina ya sa miji ya rasa aiki. Hamma yana amsa gaisuwata a taƙaice. Wannan zan iya ɗauka. Abin da ya fi ci mini rai shi ne na Dada, surukata, wadda take sona tsakani da Allah. Duk lokacin da aka tayar da maganar sai ta ce, "Ku ƙyale ta, yarinya ce, ba ta san abin da take yi ba."

Saboda haka ga roƙona gare ku masu karatu. In labarin nan ya zo kunnenku, ku ce na yi taurin kai, ku ce na jawo mana asara, duk ba zan musa ba. Amma don Allah kada ku nema mini uzuri da cewa ban sani ba. Na ga jan layin, na san abin da za mu rasa, kuma da gangan na ɗauke hannuna.