Kowace Rana Mu Sauka Kafin La'asar

Abin da na fara gani ranar da na dawo dogon hutu, tun kafin mai keke ya sauke mini akwati, shi ne shuɗin fenti a gefen motar Baba. Fentin ƙofar gidanmu ne na unguwar Maitumbi. Layi uku ne, kuma na ƙasan har ya fara tsatsa, wato ba rana ɗaya aka yi su ba. Shekara da shekaru Baba yana shigar da motar nan bai taɓa gogar ƙofa ba. A lokacin ina aji huɗu a sakandaren kwana, irin yaran da sai malama ta kira su sau biyu suke ɗaga kai. Ni ce kuma 'yar fari. Baba bai taɓa kiran sunana ba, sai dai ya ce 'yar makaranta, ni ma in ya shigo falo nakan tashi in ba shi wuri. Saƙona ta bakin Umma yake isa gare shi, ko ta bakin ƙanwata, wadda ita har hularsa take cirewa ta saka.

Na tarar gida ba a zancen komai sai tafiya. Baba ya yi ritaya, ya ce ya gaji da ganin sunayen garuruwa a takardun ofis, zai kai iyalinsa su ga ƙasa da idonsu, mako guda, shi da kansa a kan sitiyari. Ya rubuta tsarin a bayan kalanda ya manna a bango: Gurara, Dutsen Zuma, Jos, Yankari, Kano, Zariya, a dawo. Yankari saboda ni ya sa ta, don Umma ta gaya masa tun ina firamare nake tara hotunan giwa. Na tsaya gaban kalandar na lura da abu biyu. Rubutunsa ya ƙara girma sosai, kuma kusan kowace rana sai bayan magariba za mu isa masauki.

Na ci gaba da kallo. Da rana lafiya lau yake, amma da yamma ta yi sai ya riƙa laluben takalmansa da ƙafa a bakin ƙofa. Saƙon waya kuwa ƙanwata yake miƙa wa, wai ta gwada karatunta. Na gane idonsa ne, na kuma gane ba ya so a gane. Nan na yi kuskuren da har yau nake jin nauyinsa: na yi shiru. Ko Umma ban gaya wa ba. Na ce wa kaina 'yar fari ba ta buɗe baki ta ce ubanta ba ya gani.

Saura kwana biyar a yi tafiyar, Baba ya ce mu je Tagwai a gwada motar. Muka daɗe a bakin dam, Umma tana zaɓen kifi. Da muka kamo hanyar gida hadari ya haɗu, gari ya yi duhu-duhu. Daga kujerar baya na hango fararen shanu suna tsallaka titi. Na jira Baba ya rage gudu, bai rage ba. Bakina a buɗe yake amma muryata ta ƙi fita. Ƙanwata ce ta kurma ihu, ya taka burki, motar ta ja ta tsaya hancinta a jikin wata saniya. Dattijon da ke kora su ya leƙo ta taga, bai yi faɗa ba, ya dai ce, "Malam, garke guda ne fa, ba akuya ɗaya ba." Baba ya ba shi haƙuri, ya ɗora laifin a kan fitilar mota. Umma ta ce a fasa tafiyar, ya ce ko da ƙafa ne sai an je.

Washegari na ari wayar Umma na buɗe taswira. Na duba nisan kowace hanya, na ƙara lokacin ramuka da tireloli, da na sallar azahar da cin abinci. Doka ɗaya na kafa: mu tashi bayan gari ya waye sarai, mu sauka kafin la'asar. Duk yadda na juya kwana bakwan, sun ƙi ɗaukar Yankari. Na daɗe ina kallon sunan, sannan na ja masa layi. Na kwafe sabon tsarin da manyan baƙaƙe, ban sa suna ba, na ninke na sa a aljihun rigar da na goge wa Baba.

Da hantsi ya fito da takardar a hannu, ya tambayi wa ya cire Yankari. Umma ta ce ba ta san zancen ba. Ƙanwata ta ce ita da za ta cire, ai Zariya za ta cire. Sai ya juyo ya dube ni, abin da bai saba ba, ya daɗe. Bai tambaye ni dalili ba. Ya ɓalle kalandarsa ya manna takardata, ya ce Umma ta yi haƙuri ta koma baya, 'yar makaranta ce za ta zauna gaba. Umma ta ce gara ma, ta huta da ganin ramuka.

Haka muka yi kwana bakwai. Kowane allo na hanya sai na karanta da ƙarfi, kamar wa kaina nake karantawa, in na hango rami kuma in ce kai, wancan da zurfi yake. Shi kuma sai ya kauce. Mun tarar da Gurara, inda ruwa ke faɗowa daga kan dutse, cike da jan ruwan damina, ƙararsa har a ƙirji. Mun ga Zuma gajimare ya rufe masa kai. A Jos ƙanwata ta sa safar Baba a hannu don sanyi. A marinar Kano hannayen masu rini shuɗi ne kamar ƙofarmu. Ko sau ɗaya magariba ba ta same mu a kan titi ba.

Ban ga giwa ba, kuma ban taɓa yin da-na-sani ba. Da-na-sanina yana hanyar Tagwai, inda kunya ta kusa kashe mu mu huɗu. 'Yan'uwana masu irin halina, girmama iyaye daban, yin shiru a kan abin da zai cutar da su daban. In baki ya yi nauyi, a rubuta, a aika wani, amma a faɗa. Yau Baba da gilashi yake tuƙi, an cire masa yanar ido, kuma takarda ba ta isa ta yi wannan aikin ba.

Ranar da muka dawo, na fita na buɗe ƙofa, na tsaya ina nuna masa da hannu har motar ta shige ba ta taɓa ko'ina ba. Umma da ƙanwata suka kwashi kaya suka yi ciki. Shi yana zaune bai fito ba. Na durƙusa a bakin tagarsa na ce, "Baba, don Allah ranar Litinin ka bar ni in raka ka asibitin ido."