Akwatin da ya faɗo a hanyar Gwagwalada

A shekarun da gwamnati ke tattara komatsanta daga Legas zuwa Abuja, babu direban da ya kai ni iya ɗaure kaya. In na ɗaure ƙwai a bayan a-kori-kura, sai dai ya ƙyanƙyashe a hanya, amma ba zai motsa ba. Haka nake faɗa wa kowa, har ranar da na iso wurin aikin titinmu kusa da Gwagwalada, na leƙa bayan mota, na ga igiya kwance ita kaɗai.

Abin da ya faɗo akwati ne ruwan ɗorawa, mai nauyin tsiya, da wani zane kamar fanka a jikinsa. A cikinsa akwai na'urar da injiniyanmu ke auna taurin ƙasa kafin a zuba kwalta. Tun ranar farko ya zaunar da mu ya yi mana bayani. Ya ce cikin na'urar akwai ɗan abu bai kai ƙwayar wake ba, an lulluɓe shi da darma, yana fitar da tururin nukiliya. Ba a ganinsa, ba a jin warinsa. In aka fasa darmar, zai ƙona naman mutum, ya lalata jini, ya haifar da ciwon daji. In ya shiga ƙasa ko rafi, shuka da kifi da shanu duk za su kwasa, jikokinmu ma su tarar da shi. Ni kuwa a lokacin gyaɗa nake ci.

Gaskiya na yi tunanin in ce ɓarayi ne suka sauke. Ƙaryar har ta zo bakina, sai na tuna ƙauyukan da na ratso, da matan da ke wanke rogo a rafi. Na je na faɗa wa oga, wato injiniyan namu, yadda aka yi. Bai zage ni ba, abin da ya fi tsorata ni ke nan. Ya tafi ɗauko abin awon tururin nukiliya, ni kuma na juya mota.

Ƙauye uku na tsaya ina tambaya. A na huɗu wata mai tallan nono ta ce ta ga manoma biyu sun kai wani akwati maƙera. Gudun da na yi ranar, inuwata sai da yamma ta iso.

Na tarar maƙerin, wani dattijo, ya riga ya ɓalle kwaɗo, ya fito da na'urar, yana jujjuya ta. Ya ce nauyin nan darma ce, masunta za su so ta don ƙara wa taru nauyi. Guduma na gefensa, matarsa na yi wa jikoki wanka taku biyar daga wurin.

Na yi masa bayanin injiniya, na ƙara da nawa. Ya saurara sarai, ya tambaye ni yaya abin da ba a gani zai kashe mutum. Sannan ya ɗauki guduma.

Ban san lokacin da na fizge na'urar, na cusa ta cikin akwati, na rufe, na haye kai na zauna ba.

"Baba, in za ka fasa, fara da ni."

"Direba, lafiyarka kuwa?"

"Ƙalau. Kwashe iyalinka ku koma bakin bishiyar can."

Da ya ga ƙato kamata ya ƙi sauka daga kan akwatin, sai ya ajiye gudumar. Ya kore jikokinsa, ya kore 'yan kallo. Na aiki wani direban tifa ya sanar da oga. Awa biyu ina zaune a rana, ƙauye guda na kallona daga nesa kamar sabon hakimi.

Oga ya iso, ya zagaye maƙerar da abin awonsa, ya auna akwatin, ya auna hannun dattijon. Ya ce darmar ba ta tsage ba, babu abin da ya fita. Matar maƙerin ta rangaɗa guɗa, shi kuma maƙerin ya riƙe hannuna ya ƙi saki. Na buɗe baki zan yi jawabi, sai oga ya dube ni.

"Kowa ka ce ya nisanci abin, ka kyauta. To kai wa ya ce ka ɗora gindinka a kai? Sauko mu je likita ya duba ka."